Kaka Mai Wankan Baƙi da Na'urar da Ta Ƙi Tashi

Kakana, mahaifin Inna, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a ɗakinsa na unguwar Sersouf a Tamanrasset, kwana biyu bayan an sallamo shi daga asibiti. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Ni ba na iya magana cikin mutane, shi ya sa nake rubutawa, don kada abin da na sani game da shi ya tsaya a cikina ni kaɗai.

Tabarmi uku aka shimfiɗa a ƙofar gida saboda 'yan kasuwa abokansa. Kafin azahar lungun ya cika da samari masu aikin gini, siminti bai bar ƙafafunsu ba. Da yawansu ba su san sunansa ba. Ta tagar ɗakin Inna nake jin su suna tambaya, "Nan ne gidan tsoho mai wanka?" Wani ya ce, "To yanzu wa zai wanke mu?" Na kusa da shi ya ce, "Kai, rufe mana baki, bari ka mutu tukuna." Suka ɗan yi dariya, sai kunya ta kama su suka yi tsit.

Da aka zo wankansa, sai aka shiga kallon juna. Shekara kusan ashirin shi ke wanke duk ɗan Nijar da ya mutu a Tamanrasset ba dangi kusa, amma ranar da tasa ta zo an rasa wanda ya san inda yake ajiye kafur. Gwaggo, ƙanwarsa, ita ta lalubo shi cikin gwangwanin madara a bayan buhun gero. Tana miƙa wa Kawu, ƙanen Inna, tana yi wa Kaka faɗa, kamar yana jin ta: "Na gaya maka ka bar zuwa maƙabarta da sanyin safiya. Na gaya maka. Ba ka jin magana tun muna yara." Amininsa, wani tsohon Buzu mai lambu a Tahifet, bai iso ba sai da aka dawo daga binnewa. Ya zauna a gefen tabarma, aka miƙa masa shayi ya ƙi karɓa. Abin da kawai ya ce shi ne, "Mun yi da shi, shi zai wanke ni. Ya ci amanata."

Daga Damagaram Kaka ya zo, yadi yake sayarwa a kasuwa. Wankan gawa ba sana'ar gidansu ba ce. Inna ta ba ni labarin farkon abin. Wani yaro ne ya faɗo daga saman gini, abokan aikinsa suka tsorata saboda ba su da takardun zama, kowa ya noƙe. Kaka ya ɗauki almakashi ya yanki alawayyo daga bandirin da ke rumfarsa, ya je ya yi abin da ya kamata. Daga ranar, duk wanda ya rasu sai a zo a tsaya bakin rumfarsa a yi shiru, shi kuma ya gane, ya jawo almakashi. In aka ce masa, "Alhaji, wannan fa ba shi da takarda," sai ya ce, "Ƙasa ba ta tambayar takarda."

Yana da halaye da ba kowa ke so ba. Ba ya karɓar godiya. In ka yi masa, sai ya ɓata rai ya ce, "Sabulu ya fi mini amfani." Yana da saurin fushi in ya ga an ɗauki gawa da gaggawa ana jijjiga ta. Na taɓa jin ya tsayar da wani direba a tsakiyar hanya ya ce masa, "Ɗan mutane ka ɗauko, ba buhun gawayi ba." Amma kuma shi ne mutumin da ke aika saƙo Damagaram a kawo masa ganyen magarya, bayan akwai irinsa a nan. Ya ce yaron da ya baro gida bai koma ba, gara ko ganyen gida ya taɓa jikinsa.

Maƙabartar da ake kai baƙi ba a rubuta suna a kan kabari. Duwatsu biyu ne, ɗaya wajen kai, ɗaya wajen ƙafa. Shekara ɗaya ta isa ka kasa bambance wannan da wancan. Saboda haka Kaka ya riƙa rubutawa da ajami cikin littattafan 'yan lekkol, wato 'yan makaranta: sunan mamaci, sunan ubansa, ƙauyensu, irin tsagar fuskarsa, abin da ya zama sanadi, sannan wurin da aka kwantar da shi, layi na nawa daga bangon gabas, kabari na nawa daga hanya. Mutane kan zo cigiya daga Maraɗi, daga Tanut, daga Tawa, wani bayan shekara biyar. Sai Kaka ya buɗe littafi, ya sa takalmi, ya kai mutum har kan ɗan'uwansa.

Kawu, ƙanen Inna, yana da shagon buga takardu kusa da kasuwa. Akwai wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, a ciki, da wani ɗan tsarin ajiye sunaye da wani malamin lekkol ya haɗa masa tun shekarun casa'in. Da idon Kaka ya fara rauni, ni aka ɗora wa aikin shigar da littattafan ciki. Duk Juma'a bayan la'asar yakan zauna a kujerar roba kusa da ni, yana karantawa ina bugawa.

"Amarya, rubuta."

"Ni ba amaryarka ba ce, tsoho ba haƙora."

"Haƙora me zan yi da su? Fura nake sha. Rubuta, kada in ƙara aure."

Shi kaɗai nake iya mayar wa magana a duniya. In ya zo kan wani suna yakan tsaya, ya ce, "Wannan dogo ne, sai da na ƙara yadi." Ko ya ce, "Wannan yana murmushi." In na tambaya ko in rubuta, sai ya ce a'a, wannan nasa ne.

Bayan na shiga jami'a tsohuwar ordinatar ta fara ciwo. Kawu ya sayo sabuwa, amma sabuwar ta ƙi karɓar tsarin sunayen, ya yi mata tsufa. A lokacin ne muka koyi wani abu a aji: ana iya kwashe duk abin da ke cikin tsohuwar na'ura a mayar da shi fishiye guda, babban kundi ke nan, a ajiye cikin sabuwa. In ka buɗe shi, tsohuwar ta tashi a cikin taga kamar ba ta taɓa mutuwa ba. Mako biyu na yi ina fama, ya yiwu. Da na nuna wa Kaka, ya daɗe yana kallo.

"Wato kin gina ɗaki a cikin ɗaki, kin sa tsohuwar ciki?"

"Haka ne, Kaka."

"Ita ta san an tashe ta?"

"Ba ta sani ba. Ji take tana gidanta."

"To madalla. Ni ma in na gaza haka za ki yi mini."

Rigimar da na fi tunawa a shagon nan aka yi ta. Wata shekara aka matsa da binciken takardu, jandarma na bi unguwa-unguwa. Kawu ya tsorata da littattafan, domin ba sunayen matattu kaɗai ke ciki ba. Kaka yakan rubuta wanda ya kawo gawa, da gidan da yake kwana, da ginin da yake aiki, don in dangi sun zo a haɗa su. Kawu ya ce, "Baba, in aka sami wannan, mutum nawa ka miƙa da hannunka? A ƙone su." Kaka ya ce, "Ka ƙone shagonka." Kawu ya ce, "Ai shi ma za a rufe shi saboda kai." Suka yi ta ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Daga ƙarshe Kaka ya juyo wurina.

"Ke, amarya. Duk suna cikin ɗakin naki?"

"Duk suna ciki, Kaka."

"Ba wanda zai fita?"

"Ba wanda zai fita. Duk Juma'a ina kwafewa a wani faifai daban."

Sai ya ce wa Kawu, "Ƙona." A murhun Inna aka ƙona su da rana tsaka. Bai kalla ba, ya ba wa murhun baya yana jan carbi. Juma'a biyu bai yi wa Kawu magana ba. Daga nan kuma bai sake rubutu a takarda ba. In ya dawo daga maƙabarta yakan riƙe abin a ka, Juma'a ta zo ya faɗa mini in buga. A kan maganata ya yarda. Wannan nake so a sani.

Ran sadakar uku, wani dattijo baƙo ya yi sallama. Daga wani ƙauye kusa da Tasawa ya fito, ya biyo ta Agadas da Arlit a bayan babbar mota, leɓensa duk ya tsage. An ce masa in ya iso ya nemi tsoho mai wanka. Ya iso ya tarar da tabarmin makoki. Kawu ya shigo da shi zaure ya kira ni, na tsaya bayan labule. Ɗansa ne ya rasu a nan shekara biyu da suka wuce. Ɗan fari ne, don haka bai iya furta sunansa, sai ya ciro wata takarda daga hula ya miƙa wa Kawu.

"Ba da yardar uwarsa ya taho ba," in ji shi. "Ta yi masa baki a ƙofar gida. Tun da labari ya zo ba ta barci. Ta ce in je in tsaya a kansa, in gaya masa ta yafe. Shi ke nan abin da ya kawo ni. Motar da ta kawo ni za ta juya ran Alhamis ta sama, damina ta kusa."

Kawu ya ce, "Kwantar da hankalinka, Malam. Duk yana rubuce. 'Yar nan za ta ciro maka yanzu."

Muka tafi shago. Na kunna sabuwar ordinatar, ta tashi lafiya. Na buɗe tagar tsohuwar. Baƙi ƙirin. Layi ɗaya na rubutu a sama, yana cewa ba a sami abin da za a tayar ba. Na rufe na sake buɗewa, haka. Sai Kawu ya tuna cewa ranar Lahadi, muna asibiti, ya bar ta a kunne, wuta ta ɗauke sau biyu. Na duba ko ta rikice ne tana neman tashi daga inda ba nan ba, na gyara jerin, ba ta tashi ba. Na sa mata faifan gyara, ya yi aikinsa ya ce ya gama, ba ta tashi ba. Na sake sa shi, na kuma sakewa. Kawu yana tsaye a kaina yana cewa, "To? To?"

Duk da haka ban tsorata ba, saboda ina da kwafi. Ban taɓa tsallake Juma'a ko ɗaya ba, har ina da ɗan littafi da nake sa alama duk ranar da na kwafa. Na jawo faifan daga aljihun tebur, na buɗe kwafin Juma'ar ƙarshe. Tsohuwar ta tashi, har da ɗan kukanta na kullum. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, abin da ban saba ba. Na buga sunan yaron. Babu. Na buga sunan ƙauyen. Babu. Na gangara ƙarshen jerin, sai na ga suna na ƙarshe na wani mutum ne da ya rasu shekara uku baya. Na buɗe kwafin Juma'ar da ta gabata, da wadda ta gabace ta. Duk a kan mutumin nan suka tsaya.

Washegari na ɗauki faifan na je wurin malaminmu na jami'a. Ban taɓa yi masa magana ni kaɗai ba, sai da na tsaya a ƙofar ofishinsa har ya ɗago kai da kansa. Ya duba bai fi minti biyar ba, ya tambaye ni ko na taɓa ɗaukar wa na'urar hoto. Na ce e, sau ɗaya, shekara uku baya, kafin in yi wani gyara, don in na ɓata in iya komawa. Hoto a nan yana nufin ka ce wa na'ura ta riƙe yadda take a wannan lokacin. Ya nuna mini allo da biro.

"Tun ranar, babban kundin nan ya daskare. Duk abin da kika buga bayan nan, a cikin wannan ƙaramin na gefensa yake shiga. Shekara uku kina kwafe uwa, kina barin 'ya."

Na san ƙaramin fishiyen. Kullum ina ganinsa. Na ɗauka tarkace ne da na'ura ke tarawa, ban taɓa kwafe shi ba. Shi ne kuma wutar ta lalata. Malamin ya ce dokar farko ita ce kada a taɓa wanda ya lalace, a kwafe shi, a yi aiki a kan kwafin. Ya tambaya ko na riga na yi masa wani abu. Na ce na sa faifan gyara sau uku. Ya cire tabarau ya goge.

Abin da ya rage hanya ɗaya ce. Ya ba ni wani tsari da ke nuna cikin faifai tsirara, haruffa da alamomi a watse, kamar an yayyaga littafi an zuba cikin buhu. Sai dai ka nemi kalma, in Allah ya sa wurin bai goge ba. Kwana huɗu na yi a shagon Kawu daga safe zuwa la'asar. Ina cin karo da rabin suna, rabin ƙauye, "layi na biyar" ba tare da na wane ne ba. Ina jin muryar Kaka a kan kowanne. Kawu ya zaga wuraren gini yana neman waɗanda suka haƙa kabarin, aka ce ɗaya ya wuce Libiya, ɗaya an mayar da shi gida, sauran ba wanda ya san su. Tsohon Buzu ya ce shi ɓangaren baƙi kawai ya sani, can wajen bangon gabas.

Dattijon kuwa kullum yana zaune a dakalin ƙofar shago da carbinsa. Ba ya leƙowa. In na fito alwala ne yake cewa, "'Yata, an dace?" In ce, "Tukuna, Baba." Ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ran Laraba da hantsi sunan ƙauyen ya fito. Na bi layin da yatsa a kan gilashi. Sunan yaron cikakke, sunan uban, tsaga uku-uku a kumatu, zazzaɓi. Sannan abin da Kaka ya ce in ƙara ranar, wanda na manta sam: mutum goma sha ɗaya suka yi masa salla, har da maigidan aikinsa. Daga nan "layi na", sai alamomi marasa ma'ana har ƙasan allo. Na nemi sauran gaba da baya har azahar. Babu shi.

Na buga abin da na samu a takarda na fita. Na durƙusa a gefen dakali na karanta masa, sannan na faɗa masa gaskiya: wurin kabarin ya ɓace, ba laifin wuta ba ne kaɗai, ni na yi kuskure, ni kuma na ba Kaka tabbacin da ya sa ya ƙona littattafai. Ban san yadda maganar ta fita daga bakina ba.

Dattijon ya ce, "Sake karanta mini wurin salla."

Na karanta.

"Goma sha ɗaya. A garin da ba shi da kowa." Ya ninke takardar sau huɗu ya sa cikin hula. "Ɓangaren baƙin nan, yana da girma ƙwarai?"

Kawu ya ce yana da ɗan girma.

"To kai ni da safe, kafin mota."

Mata ba sa zuwa maƙabarta, saboda haka abin da ya faru Kawu ne ya faɗa mana. Ya dawo wajen azahar, ya zauna a tsakar gida ko takalmi bai cire ba. Ya ce dattijon ya fara daga kabari na farko a jikin bangon gabas. Ya tsaya wajen kai, ya yi sallama, ya ce, "Uwarka ta ce ta yafe maka." Ya matsa na gaba, ya faɗi haka. Layi bayan layi, bai tsallake ko ɗaya ba, har muryarsa ta dushe. A ƙarshen layi na ƙarshe akwai sabon kabari, ƙasarsa ba ta kwanta ba, domin Kaka ya yi wasiyya a sa shi cikin baƙinsa. Kawu ya riƙe hannun mutumin ya ce, "Malam, wannan na Baba ne." Dattijon ya ce, "Shi ma ai uwa ta haife shi." Ya tsaya ya faɗa masa.

Nan Kawu ya kasa ci gaba da labari. Inna ta tashi ta shige ɗaki.

Ƙaramin fishiyen yana nan wurina, na kwafe shi wuri uku. Duk Juma'a bayan la'asar nakan buɗe in tsinci abin da zan iya, in rubuta da biro a littafi. Wasu sunayen sun dawo da wurarensu. Mafi yawa ba su dawo ba, kuma na san akwai masu zuwa cigiya da ke kan hanya.

Ya Allah, bawanka ya suturta waɗanda ba su da mai suturta su, ka suturta shi. Ka yalwata masa makwanci, shi da maƙwabtansa na bangon gabas, waɗanda na san inda suke da waɗanda na ɓatar. Kai ba ka ɓatar da ko ɗaya ba.